Daga Tandun Kwalli zuwa Robar Haɗi

A watan Janairun 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton ya shigo Kano ta hanyar Borno, ya yi makonni yana zaga kasuwar Kurmi, wadda a lokacin ta haura shekara 300 da kafuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Cikin kayan da ya lissafa a rumfuna akwai kwalli, wanda ya ce a ƙasar ake haƙo shi, an baje shi tare da takardar rubutu ƙirar Faransa da jan alharini da duwatsun wuya. Ya lura mata na shafa shuni a gashi da gira da hannu da ƙafa, maza da mata kuma na cin fure don haƙora da leɓe su yi ja. Amma abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa cikin bayaninsa wata doka ce ta kasuwar. In mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano, ya kai Borno a ƙunshe, ya buɗe ya ga an cuce shi, sai ya mayar da kayan, domin sunan dillali na rubuce a cikin kowane ƙunshi. Dillali ya nemo mai kaya, mai kaya ya biya. Dokar ta tufafi ce, ba ta kwalli ba, amma ta nuna irin kasuwar da ake sayar da kwallin a cikinta: kaya na zuwa daga nesa, kuma akwai wanda za a kama in kayan suka ɓaci. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna tarihin kwalliyar Hausa da shi. An saba raba kayan shafa gida biyu, na gargajiya masu lafiya da na zamani masu cutarwa, tarihi kuwa bai goyi bayan wannan rabon ba. Abin da ya bambanta kayan da suka amfani mata da waɗanda suka ƙona su shi ne ko an san abin da ke ciki, kuma ko akwai mai suna da ya tsaya a bayansu.

A fara da kwalli, tunda shi ne ya fi kowanne tsufa. Mutanen tsohuwar Masar sun fi shekara 5,000 da fara zagaye ido da baƙin garin dutsen dalma, maza da mata, sarki da talaka, kuma faifan dutsen da suke niƙa shi a kai na cikin kayan da aka fi tonowa a kaburburansu. Masanan Faransa da suka binciki ragowar kwallin da ke gidan tarihi na Louvre sun gano cewa wasu sinadaran da ke ciki haɗa su aka yi da hannu, ba tono su aka yi ba, wato tun a wancan zamani kwalli sana'a ce ta masu sani. A ƙasar Hausa dutsen ba ya samuwa a bayan gari. Ma'adinansa na kwance a kwarin Binuwai, a wurare irin su Zurak ta ƙasar Wase da Arufu, har zuwa Abakaliki. Fatake ne ke ɗauko shi zuwa Kano da Katsina da Zazzau, daga nan kuma ya shiga kayan ayarin Gwanja tare da kanwa da gabu da baƙin tufa, a musanyo goro. Macen da ta zuba kwalli a tandunta a Katsina a ƙarni na 19 tana riƙe da abin da ya yi tafiyar makonni a bayan jaki.

Haka sauran kayan. Da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da yadin Mancesta da duwatsun wuya na Fenis da allurai da ƙananan madubai ƙirar Jamus, da lubban da man wardi, duk sun keto Sahara daga Tarabulus. Madubin da amarya ke duba fuskarta ma baƙo ne. Ta gabas kuma akwai hanyar alhazai, wadda ta ratsa Borno da Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zaune a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira sun kafa garin Mai Wurno a Sudan, zumuncin ɓangarorin biyu bai yanke ba har yau. Ta wannan hanya, da kuma ta hannun matan Barebari da Shuwa, aka san dilka da halawa da humra da turaren tsuguno, waɗanda yanzu ba a cika gyaran amarya sai da su. Sandal da ake turaren da shi itacen Indiya ne, farcen da ake zuba wa humra kuma daga teku yake fitowa. Lalle kansa, duk da ana shuka shi a gonakinmu, ɗan gida ne daga Maroko har Indiya. Baba ta Karo, da take ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, wanda aka buga a 1954, ta nuna yadda sa lalle ke tsakiyar kowane biki, kuma Bahaushe bai taɓa jin cewa lalle ba nasa ba ne don Balarabe da Ba'indiye na ƙunsa shi.

To me ya kare matan wancan zamani, in ba zaman kayan na gida ba? Idonsu ne. Yawancin abin da ake shafawa a tsakar gida ake sarrafa shi, ko a gidan maƙwabciya. Lalle a ganye ake sayo shi, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa, a zura hannu a zunguru. Man kaɗanya an san ƙauyen da ake yin sa da matar da ke kawowa. Sabulun salo, man alayyadi, katambirin da ake zana fuska da shi, duk ana ganin asalinsu. Kwalli ma a dunƙulen dutse ake sayen sa, mace ta niƙa da kanta. Algus yana da wuya a abin da mai saye ya san kamanninsa tun yana ɗanye, kuma mai sayarwa gobe ma a kasuwar za a same ta. Wannan kariya ce ta gaske, sai dai tana da iyaka, domin ido na gane lallen da aka cuɗa da ƙasa amma ba ya gane dafin da ke aiki a hankali cikin jini.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwarori suka biyo shi, kayan shafa suka fara zuwa a gwangwani da kwalba. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, ya zama man hunturu na kowane gida. Kamfanin Lever ya kafa masana'antar sabulu a Apapa, PZ ya kama tasa a Aba a 1948. Hodar Pan-Cake da Max Factor ya ƙirƙira don 'yan fim ɗin Hollywood, ya fitar da ita kasuwa a 1938, ita ce fankeken da ta shiga akwatin lefe tare da janbaki da jagira. Finafinan Indiya da Kwarori suka fara nunawa a silimun Arewa tun shekarun 1950 suka koya wa 'yan mata jan gazal da ɗigo a goshi. Amma misalin da ya fi kowanne shi ne turaren Bint el Sudan, wanda muke kira Bintu Sudan. Kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, aka haɗa shi da mai ba da barasa ba, don haka Musulmi suka karɓe shi ba fargaba, alhazai suka yaɗa shi, daga baya aka koma yin sa a Kano. Yau tsohuwa za ta lissafa shi cikin kayan gargajiya ba tare da ta ji ta yi ƙarya ba, kuma a gaskiya ba ta yi ba, tunda abin da aka yi shekara 100 ana fesa wa amarya da liƙƙafani ya gama zama namu. Da kayan kanti suka zo, mace ta daina ganin abin da ke ciki, amma ta samu wani abu a madadinsa, wato sunan kamfani da adireshinsa a jikin kwalba, kamfanin da ke asara in sunansa ya ɓaci.

A nan ne mai ja zai ce duk wannan zagaye ne, gaskiyar magana kakanninmu sun yi ta sa kwalli da lalle ba abin da ya same su, sai da kayan Turawa suka zo aka fara ganin fuska biyu a jikin mutum ɗaya. Rabin maganar gaskiya ne, rabin kuwa kwalli ne da kansa ke ƙaryata shi. A 2011 likitoci a wani asibitin yara na Bostan a Amurka suka auna jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, suka ga dalma ta yi yawa. Da aka bi sawu sai aka gano tiro ne, kwallin Yarabawa, wanda ake sa masa a ido, kuma da aka auna garin kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Rahoton da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2012 ya ambaci sunayensa na Hausa, tozali da kwalli. Dalma ba ta shiga jiki sosai ta fata, amma jariri na murza ido ya kai yatsa baki, hawaye kuma na sauka ta hanci zuwa maƙogwaro. Abin da take yi wa yaro ba ƙuraje ba ne da za a gani, rage kaifin ƙwaƙwalwa ne da ƙarancin jini, abubuwan da ba wanda zai danganta da tandu bayan shekara bakwai, lokacin da yaron ya kasa riƙe karatu. Cewa ba abin da ya samu kakanninmu yana nufin ba wanda ya auna ne kawai. Arewa ta ga abin da dalma ke yi da yawa a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Wancan daga niƙan dutsen zinariya ne a cikin gidaje, ba daga kwalli ba, amma dalmar ɗaya ce.

Za a ce ai sa kwalli sunna ce, kuma haka ne. Hadisan da Tirmizi da Abu Dawuda suka ruwaito sun yabi wani kwalli takamaimai, ismid, saboda ƙara hasken ido da tsirar gashinsa. Masana sun fi ɗaukar ismid a matsayin dutsen antimoni, wanda ba dalma ba ne, ko da yake su biyun sun yi kama a ido, baƙi mai walƙiya, har Clapperton ma da sunan antimoni ya rubuta na Kurmi. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun sha gano dalma a kwallin da aka rubuta masa ismid, har da irin wanda ake tsarabar aikin hajji da shi. Saboda haka wanda ke son raya sunna shi ya fi kowa buƙatar sanin wane dutse aka niƙa masa, kuma malaminsa ba zai iya gaya masa ba, sai ɗakin gwaji.

Lalle ya bi wata hanya dabam ya iso wuri guda. Ganyen lalle ja yake kamawa, kuma sai an jira shi sa'o'i, wani lokaci a kwana da shi. Da zanen fulawa ya yi tashe, masu ƙunshi na da amare a layi, aka koma ga dayis, wanda ke yin baƙi ƙirin cikin ƙanƙanin lokaci. Baƙin nasa daga sinadarin rina gashi ne mai suna PPD, kuma tarihinsa ba ɓoyayye ba ne. A 1933 wani maganin rina gashin ido mai suna Lash Lure, da aka yi da irin wannan sinadari, ya makantar da mata a Amurka, abin da ya taimaka wajen kafa dokar 1938 da ta fara sa ido kan kayan kwalliya a can. A Kartum likitoci sun ba da rahoton yara 31 da suka sha guba daga haɗin lalle da PPD tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Wanda bai kai ga haka ba yakan tashi da kumburi da ƙuna daidai siffar furen da aka zana, kuma jikin da ya taɓa ƙin sinadarin yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Abin lura shi ne sunan bai canja ba. Ana ce masa baƙin lalle, amincin da mata suka ba ganyen gona sai ya koma kan garin da ba su san mai yin sa ba.

Bilicin shi ne babin da ya fi muni, kuma ba a Nijeriya ya fara ba. Afirka ta Kudu ta zama babbar kasuwar man farin fata a zamanin wariyar launi, a can ne likitoci suka bayyana a 1975 wani baƙin tabo mai kauri da haidirokwinon ke bari a kumatu bayan dogon amfani, tabon da ba ya goguwa, a can ne kuma aka hana sa shi a kayan kwalliya a 1990. A Legas abin ya riga ya bazu har Fela ya yi masa waƙar Yellow Fever a 1976. Sinadarai uku ne ke aikin. Haidirokwinon na hana fata yin melanin, baƙin da ke kare ta daga rana. Zaiba na yin haka ita ma, ta kuma taru a ƙoda da jijiyoyi, ta ratsa zuwa ɗan tayi da nono. Sitiroyid irin su kilobetasol, waɗanda asalinsu maganin cutar fata ne na 'yan makonni, suna sirantar da fata har jijiya ta bayyana, su kawo nanƙarwa da makero da hawan jini da ciwon suga, su hana ɗinki kamawa bayan tiyatar haihuwa. Adadin da ake yawan ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na bilicin, ya shahara ne ta takardun Hukumar Lafiya ta Duniya, amma tushensa wani bincike ne na 2002 kan 'yan kasuwa a Legas, don haka bai kamata a ɗora shi a kan matan Gumel ko Tasawa ba tare da tunani ba. Wanda ya halarci biki ɗaya a Kano ko Maraɗi dai ba ya buƙatar adadi. Kodebuwa ta hana mayukan a 2015, Gana ta hana haidirokwinon a 2016, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan shafa, ta ƙayyade haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100, a 2023 kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Mai cewa kayan waje ne matsala zai ga hujjarsa a nan, sai dai ya duba inda kasuwar ta koma. Da doka ta matsa wa kwalbar kanti, sai sana'ar ta shige ɗaki. Yanzu abin da ke tashe shi ne haɗi: man haɗi, sabulun haɗi, a farar roba ba rubutu, ko da rubutun da bai wuce sunan shafin Instagram da lambar waya ba. Ana tallarsa da kurkum da zuma da madara da man kaɗanya, a ce babu sinadari ko ɗaya, na gargajiya ne zalla. Kurkum da zuma ba sa mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu, in fata ta yi haka to an matsa tub ɗin sitiroyid ko an zuba haidirokwinon a ciki, ba awo ba ƙa'ida. Robar haɗi ta rasa kariyar zamanin da, tunda mai saye ba ta ga ana yi ba, ta kuma rasa ta zamanin kanti, tunda ba kamfanin da za a kai ƙara, shafin kuwa ana iya goge shi a dare ɗaya a buɗe wani. A tarihin kwalliyar Hausa ba a taɓa samun lokacin da mace ta jahilci abin da take shafawa kamar yanzu ba, kuma da sunan gargajiya ake sayar mata.

Akwai ja mai ƙarfi da ya rage. Lambar NAFDAC ana buga ta jabu, jerin sinadarai da Turanci yake da ƙananan baƙaƙe, kayan kirki na da tsada, mai tallar haɗi kuma ƙawa ce ko 'yar unguwa da ke ba da bashi. Duk gaskiya ne. Amma jabu na nuna cewa sunan na da daraja, shi ya sa Bintu Sudan ya daɗe yana fama da masu kwaikwayon kwalbarsa. Lambar ƙarya laifi ne da za a iya bin sawunsa daga shago zuwa dila zuwa mai shigowa da kaya, roba mara suna kuwa ba ta da sawu. Batun tsada ma bai kai yadda ake faɗa ba, domin abin da fata ke buƙata kullum, sabulu mai laushi da man da zai riƙe danshi a hunturu da wanke kwalliya kafin barci, basilin ko man kaɗanya tsantsa na biyan sa a kuɗin da bai kai na robar haɗi guda ba. Tsadar tana ga neman canja launi. Hodar fuska da ta dace da launin mace ita ce wadda ta ɓace in an shafa ta a muƙamuƙi, amma shekaru da yawa kantunanmu sun cika da launukan da aka yi wa wasu fatu, har ya zama fuskar amarya fari fat wuyanta baƙi, mai kwalliya kuma ta ce haka ake yayi.

Wasu za su ce tushen cutar ba a roba yake ba, yana bakin mazan da ke cewa fara ko mayya ce, da finafinai da hotunan waya da ke wanke fuskar kowa. Ba a musun wannan, kuma namijin da ya zagi mai bilicin da safe ya nemi fara da yamma ba shi da bakin magana. Sai dai son haske ya girmi bilicin, dilka da kurkum ma don shi ake yi wa amarya, ba su taɓa kashe ƙodar kowa ba. Sauya abin da al'umma ke gani kyau aiki ne na tsararraki, hana zaiba shiga jikin mai shayarwa kuwa aiki ne na bana. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya da Nijar, sun amince a 2023 cewa bayan 2025 ba za a ƙara yin kayan kwalliya mai zaiba ko shigo da shi ba, komai ƙanƙantarta. Yarjejeniya ba ta shiga Sabon Gari da ƙafarta, sai jami'ai sun shiga sun ɗebi kaya sun auna, sun kuma faɗi sakamakon da Hausa a rediyo. Masu haɗa lefe da iyayen amare su ma suna da nasu, su ƙi karɓar abin da ba sunan mai yi da jerin abin da ke ciki, su tambayi mai gyaran jiki me ta zuba a kwaɓinta, kuma a daina sa wa jarirai kwalli ranar suna.